Za mu iya zuwa tsinkar blåbär da ɗan kwikwiyonmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Muna zaune a wani ƙauye a Dalarna, ƙasar Suwidin, gidanmu a bakin daji yake. Yara uku gare mu, babbar shekararta 11, autan 4. Sun matsa mana har muka karɓi ɗan kwikwiyo, jinsin Labrador, yanzu makonsa 10. Maƙwabta sun ce blåbär, wani ƙaramin ɗan itacen daji shuɗi da ake ci, ta kusa nuna, yara kuma sun dage sai an je tsinka da shi. Ni ban taɓa riƙe kare ba, a gidanmu ma ba a yi. Zai iya cin 'ya'yan itacen? Me za mu kiyaye? Sannan a ina ya dace ya riƙa kwana, tunda ba na son shi a falon da muke salla?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya zuri'a. Ku je da shi. Sai dai ki sa wa ranki tun yanzu cewa bana ba shekarar cika bokiti ba ce. Duk fitar da za ku yi da shi a bazarar nan fitarsa ce, tsinka kuwa abin da ya samu. Ranar da kike son tsinka ta gaske, wadda za a cika firiza, ki bar shi gida wajen wani babba, ki tafi da yaran da suka iya.

Dalilin da ya sa ban ce a ajiye shi gida gaba ɗaya ba shi ne shekarunsa. Daga mako 3 zuwa kamar 12 ko 14 ne kwikwiyo yake karɓar duniya ba tare da tsoro ba. Abin da ya gani, ya ji, ya shinshina a wannan tsakanin cikin natsuwa, shi zai ɗauka a matsayin abin yau da kullum har tsufansa. Naku saura 'yan makonni ƙofar ta fara rufuwa. Karen da zai rayu a bakin daji, gara ya san daji yanzu, da ƙarar tarakta, da shanun maƙwabta daga nesa, da shiga mota. Akwai ma wani bincike da aka yi a Norwe, aka wallafa a 2012, kan manyan jinsuna huɗu har da Labrador, wanda ya gano cewa kwikwiyon da ya samu yawo a ƙasa mai laushi, mai ɗan tudu da gangare, kafin ya cika wata 3, bai cika samun ciwon ƙugu ba kamar wanda ya yi ta hawa da saukar matakalar bene. To ƙasan dajinku, mai gansakuka da saiwoyi, ita ce irin ƙasar da ake nufi. A nan ana yi wa kwikwiyo rigakafin cututtukan karnuka uku, wato parvo da valpsjuka (distemper) da ciwon hanta, yana mako 7 ko 8, a maimaita a mako 12, sai kuma ya shekara. Allurarsa ta biyu za ta zo daidai da nunar blåbär a tsakiyar Yuli. Kafin ita ma daji bai kai filin wasan karnuka na cikin gari haɗari ba, don can ne ƙwayar parvo take taruwa.

Blåbär kanta ba ta yi wa kare komai. Haka smultron da ke nuna tun ƙarshen Yuni a bakin hanya, da hallon, da lingon ta ƙarshen Agusta, da hjortron ta fadama. In ya ci da yawa zai yi zawo, kashin ya fito shuɗi-shuɗi, kada ki firgita. Yara ma za su dawo baki da harshe baƙi ƙirin kamar waɗanda suka wuni a gindin ɗinya. 'Yan ƙwayoyi biyar zuwa goma daga hannunki sun ishe shi a yini.

Daga hannunki na ce, kuma da gangan. Za ki ga karnukan maƙwabta suna tsinka da bakinsu daga jikin itacen, abin sha'awa, yara za su so naku ya koya. Ni ba na ba da shawarar haka ga ɗan wata uku, ballantana Labrador. Jinsin nan ba ya ƙoshi. Masu bincike a jami'ar Cambridge sun nuna a 2016 cewa kusan ɗaya cikin huɗu na Labrador yana ɗauke da wani canji a ƙwayar halittar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ciki ya cika. Kwikwiyon da ya koyi cewa ƙasan daji faranti ne ba zai tsaya a kan blåbär ba. A wuri ɗaya da ita laimar kwaɗi take fitowa, kuma biyu daga cikinsu kisa suke yi: vit flugsvamp, fara sol mai kyan gani, wadda ke lalata hanta, da toppig giftspindling, mai ruwan ƙasa-ƙasa, wadda ke kashe ƙoda sai bayan kwanaki alamar ta fito. Wannan gargaɗin har da ku mutane. Baƙi da suka zo ƙasar nan suna yawan faɗawa hannun ta farko don ta yi kama da wadda suke ci a ƙasashensu. In ba wanda ya ƙware ne ya nuna miki a hannu ba, kada laimar kwaɗi ko ɗaya ta shiga tukunyarki.

Su ma 'ya'yan itacen akwai na gudu. Blåbär gajeren itace ne da bai cika wuce gwiwar yaro ba, rassansa kore masu kusurwa, ƙwayar tana da ɗan zobe a ƙasanta, in kin matse ta cikinta ja-ja ne mai duhu. Wanda ya fi ruɗar yara shi ne ormbär: ƙwaya ɗaya tak, shuɗiya mai duhu, zaune a saman kara, da faffaɗan ganye huɗu a ƙarƙashinta sun yi gicciye. Guba ce. Trolldruva baƙaƙe ne masu sheƙi a jere kan zangarniya, su ma guba. A cikin jajaye, tibast ta fi kowa sharri, 'ya'yanta manne suke da jikin reshe, 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kwantar da yaro. Liljekonvalj, furen nan fari mai ƙamshi na watan Mayu, shi ma yana yin 'ya'ya ja a ƙarshen bazara, gubarsa zuciya take taɓawa. Odon kuwa ya yi kama da blåbär sosai, cikinsa fari-fari, ana ci, ɗanɗanonsa ne dai lami. Autanki ɗan shekara 4 doka ɗaya za ki kafa masa: komai ya tsinka cikin kofinsa zai sa, sai Mama ta duba sannan baki. In yaro ya ci abin da kike zargi, ki kira lambar gaggawa 112 ki nemi Giftinformation, cibiyar ba da shawara kan guba. In kare ne, likitan dabbobi, ki ɗauki hoton abin ko ki tsinko shi ki taho da shi.

Batun doka yanzu, don ta shafe ku kai tsaye. Allemansrätten, wanda yake rubuce a tsarin mulkin ƙasar tun 1994, ya ba kowa damar shiga daji ya tsinki 'ya'yan itace ko da dajin na wani ne, muddin ba a kusanci gidan mutum ko an tattake gonarsa ba. Amma kare da nasa ƙa'idar. Daga 1 ga Maris zuwa 20 ga Agusta ba a barin kare ya yi yawo sakaka inda namun daji suke, saboda lokacin ne suke da 'ya'ya, tsuntsaye da yawa kuma a ƙasa suke ƙwai. Karen da aka yarda ya tafi ba igiya shi ne wanda yake manne da mai shi kamar an ɗaure, kuma babu ɗan wata uku da ya kai nan. Duk ɓarnar da kare ya yi, mai shi ne zai biya, ko da laifinsa ko babu. Ki sayi doguwar igiya ta mita 10, irin mai santsi da ba ta maƙalewa a reshe, ki ɗaura ta a ɗamarar ƙirji, ba a wuya ba, don in ya zabura igiyar ta ƙare, wuyan ɗan kwikwiyo ba zai ɗauki fizgar ba.

Ga yadda fitar za ta kasance. Ku zaɓi wuri kusa, wanda mota ko gida bai fi tafiyar minti goma ba, ku fita da safe kafin rana ta yi zafi. Babba ɗaya aikinsa kare kawai, ba ya riƙe bokiti. Mai tsinka kansa a sunkuye yake, idonsa na kan ganye, a daidai lokacin ne kwikwiyo yake haɗiye abin da ba a gani ba. 'Yarki mai 11 za ta iya riƙe igiya kina kusa, amma kada a ɗora mata alhakin. Ku ɗauki ruwansa da ɗan kwano, da bargo, da rabin abincinsa na safe a aljihu. Ku bar shi ya shinshina son ransa. Lokaci-lokaci mai igiyar ya kira sunansa sau ɗaya, da murya mai daɗi, ya ja da baya; da ya iso a ba shi ƙwayar abinci, a sake shi ya koma shinshinarsa. Kada kira ya zama alamar wasa ya ƙare kullum, in ba haka ba zai koyi toshe kunne. A wannan shekarun kwikwiyo da kansa yake bin mutum don tsoron a bar shi, shi ya sa koyar da kira yake da sauƙi yanzu; in ya kai wata 7 ko 8 zai fara jin kansa, a lokacin abin da aka shuka bana ne zai riƙe shi. Bayan minti ashirin zuwa talatin za ki ga ya fara zama, ko ya hau cizon igiya da ƙafar wandon yara. Ya gaji ke nan. A shimfiɗa bargo a inuwa ya kwanta, sannan ne mai igiya zai samu ya tsinki kofi ɗaya da hannu guda.

Abin da ya fi kawo mana karnuka a guje a watan Yuli shi ne huggorm. Shi kaɗai ne maciji mai dafi a ƙasar, tsawonsa bai cika wuce santimita 60 zuwa 70 ba, da zane mai lanƙwasa a gadon bayansa, wasu kuma baƙaƙe ne gaba ɗaya. Yana son inda aka sare itatuwa rana ke sauka, da tarin duwatsu, da bakin fadama, wato daidai inda hallon ta fi yin 'ya'ya. Ba ya bin mutum, kare ne ke kai masa hanci, shi ya sa saran yake yawan zama a fuska ko ƙafar gaba. Sau da yawa ba a ganin macijin. Za ki ji ƙara ɗaya, kwikwiyo ya dawo yana ɗingishi ko yana goga hanci, cikin rabin sa'a leɓe ko ƙafa ya kumbura suntum, jikinsa ya mutu.

A nan nake roƙonki ki ajiye duk abin da muka taso muna gani ana yi wa saran maciji a gida. Ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, ba baƙin dutse. Ko a kan kububuwa, wadda dafinta ya fi na huggorm nesa ba kusa ba, likitocin asibitin saran maciji na Kaltungo hana ɗauri da tsaga suke yi. Ki ɗauke shi cak, kada ya taka ƙasa, domin motsi ne ke tura dafin cikin jiki. In da abin wuya ki cire kafin kumburi ya kai wurin. Ki kira likita kuna hanya. Maƙwabta tsofaffi za su iya miƙo miki ƙwayar kortison, don shekaru da yawa ita ake sawa a aljihu. An daina ba da wannan shawarar, ba a ga tana rage komai ba. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su taɓa ƙoda, paracetamol ma ba a ba shi sai da lissafin likita. Yawancin karnuka suna warkewa, amma ƙaramin jiki ya fi shan wuya, kuma bugun zuciya yana iya rikicewa bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da kowa ya ɗauka an wuce wurin. Saboda haka ko ya ga kamar ya warware, a kai shi. Macijin kuma doka ta kare shi, ba a kashe shi a daji. Ba a fafe gora ranar tafiya: yau ɗin nan ki nemo lambar Distriktsveterinärerna ta yankinku, su ne na gwamnati masu jiran kira dare da rana, da ta asibitin dabbobi mafi kusa da ke buɗe da dare, ki sa a wayarki da ta maigida. A ƙauyen Dalarna tafiyar tana iya kai sa'a guda ko fiye.

Sai kaska. Ta nan ƙarama ce, wani lokaci ba ta fi ɗigon biro ba, tana zama a dogayen ciyayi, tana fitowa da zarar ɗumin yanayi ya haura digiri 4 ko 5. Kare tana sa masa cututtukan anaplasma da borrelia. Akwai ƙwayar haɗiya da ake ba kwikwiyo tun daga mako 8 in ya kai kilo 2, sai da takardar likita. Akwai abin wuya, akwai na ɗigawa a ƙeya. Gidan da ƙaramin yaro ke rungumar kare, na fi son ƙwayar haɗiya, don babu abin da ke zama a gashi. A auna shi kafin kowane zagaye, Labrador a wannan lokacin yana iya ƙara kusan kilo a mako. In kuna da kyanwa ki faɗa wa likita, maganin ɗigawa mai permetrin yana kashe ta. Kowace yamma a shafa jikinsa da hannu, kunnuwa, hammata, tsakanin yatsu. In an samu, a kama ta dab da fata da ɗan abin cire kaska na kantin magani, a ja a hankali. Ba kananzir, ba man shafawa, ba ashana.

Na fi damuwa da yaran a kan kaska fiye da karen. Borrelia tana bukatar kaskar ta yi kamar yini guda a jiki kafin ta shiga, don haka dubawar yamma tana tare yawancinta: bayan kunne, cikin gashi, cibiya, bayan gwiwa. Takardun asibiti za su ce ki nemi jan zobe mai faɗaɗa bayan mako ɗaya zuwa huɗu. Hotunan nan a farar fata aka ɗauke su. A fatarmu sau da yawa ba ja yake fitowa ba, wuri ne mai duhu fiye da kewayensa, ko kamar tabon buguwa, yana ƙara faɗi a hankali har ya wuce santimita 5. In kin ga haka ki kai yaron vårdcentral, wato ƙaramin asibitin yankinku, ki ce musu kaska ta cije shi, kada ki jira ja. Wani yaron ma ba a ganin komai sai gefen fuska ya saki. TBE kuwa, wata cutar kaska mai kumbura ƙwaƙwalwa, nan take take shiga, ba ta da magani sai rigakafi. Ta fi yawa a kewayen tafkin Mälaren da gaɓar Stockholm, amma tana ta matsowa arewa da yamma, don haka ki kira 1177, layin ba da shawarar lafiya, ki ji matsayin ƙaramar hukumarku.

Sauran na daji a gurguje. Dalarna ƙasar beyar ce, kuma a ƙarshen bazara blåbär ce abincinsa, amma hayaniyar yara uku ta isa ta kore shi tun ba ku gan shi ba. Matsala tana zuwa ne in sakakken kare ya je ya tsokano shi ya dawo da gudu wurin mai shi. Uwar älg, wato ƙatuwar dabbar dajin nan dangin barewa, mai ɗan maraƙi ma haka, in kun gan ta ku juya. Rina tana gida a cikin ƙasa a irin wuraren nan, harbi a baki ko maƙogwaro na gaggawa ne. In tafki ya yi kore, ko ya yi kauri a bakin gaɓa a ranakun zafi, kada kare ya sha ko ya shiga, gubar da ke ciki tana kashewa cikin sa'o'i; Labrador kuwa da ya ga ruwa sai ya faɗa. Mota a rana, ko minti goma kada a bar shi ciki. Kuma ki lura da snus, tabar da ake sawa a ƙarƙashin leɓe, da ake tofarwa a bakin hanya da wuraren ajiye mota, ƙunshi ɗaya ya isa ya sa ɗan kwikwiyo amai da karkarwa.

Duk da wannan jerin, in za ki tambaye ni inda ya fi yiwuwa ya gamu da tsautsayi bana, zan ce kicin ɗinki. Mun saba kare shi ne mai cin ragowar tuwo, to girkinmu kusan babu wanda ba albasa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma sai bayan kwana biyu ko uku za a ga ya yi laushi, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu, an ma manta da dafa-dukar da aka kankare masa. Goro yana ɗauke da sinadaran da suka sa cakulan da kofi suke guba ga kare, in baƙo ya zo da tsaraba a ɗaga shi sama. Inabi da zabibi suna tsayar da ƙoda, kuma ba a san adadin da za a ce lafiya ba ne, wani kare 'yan ƙwayoyi ke kayar da shi. 'Yan kwalayen zabibin da yara ke tafiya da su makaranta su ne abin lura. Xylitol, wanda ake rubutawa björksocker, yana cikin cingam da alewar maƙogwaro da yawa a ƙasashen nan, wasu kuma da shi suke dafa jam maimakon sukari. Giram 0.1 a kowane kilo na nauyin kare ya isa ya faɗar da sukarin jininsa cikin sa'a guda, wato ga naku cingam ɗaya ko biyu daga jakar hannunki. Ranar gashi a tsakar gida a kula da tsinken tsire, da ƙashin kaza dafaffe, da totuwar masara, wadda ba ta narkewa, sai ta toshe hanji a kai ga tiyata. Ƙwallon dabino ma yana iya yi wa ƙaramin hanji haka. Ƙullun fanke da aka sa wa yis aka ajiye ya tashi, in ya sha, a cikinsa zai ci gaba da tashi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri. Gishirin kansa yana kisa. Likita yana da allurar sa amai, tana aiki sosai in an zo cikin sa'a biyu.

Wurin kwana. Mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai tana ɗaukar kare mai rai da yawunsa a matsayin masu tsarki, Shafi'iyya da Hanbaliyya na ganin najasa ne. Hukuncin ajiye shi a gida kuwa fagen malamai ne, su za ki tuntuɓa. Nawa shi ne in gaya miki cewa hana shi falo ba zalunci ba ne, kare yana zama lafiya da iyaka muddin ba ta canzawa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a kai shi rumbu ko gareji shi kaɗai, ko a ɗaure shi a gindin bishiya kamar yadda ake yi wa karen gadi a gida. Ƙa'idar Jordbruksverket, hukumar noma ta ƙasar, ta ce kwikwiyon da bai kai wata 4 ba, ɗan gajeren lokaci kawai ake barinsa shi kaɗai, ba a kulle kare a keji a cikin gida, ba a kuma ɗaure shi ya wuni. Maƙwabta suna kai ƙara Länsstyrelsen, hukumar mulkin lardi, su kuma suna zuwa dubawa. Ko ba doka, kwikwiyon da aka ware shi ne yake zama mai haushin dare da tsoron mutane.

Yawancin gidajen ƙauye a nan suna da ƙofar baya mai ɗan ɗaki na takalma da injin wanki, ƙasansa tayil ko leda. Wurinsa ke nan. Ki sa ƙyauren katanga irin na yara a ƙofar, ba ƙofa rufaffiya ba, yadda zai riƙa ganinku yana jin muryarku. Falo da ɗakunan kwana su zama haramun gare shi daga ranar farko, kuma kowa ya bi, har da maigida in ba kya nan. Makon farko ko biyu wani babba ya shimfiɗa katifa kusa da ƙyauren, a riƙa janye ta kaɗan-kaɗan. Fitsari kuwa, a fitar da shi duk lokacin da ya farka, ya ci, ko ya gama wasa, da rana kusan kowace sa'a ɗaya zuwa biyu, wuri ɗaya a tsakar gida, a yaba masa da ya yi. Tunda a wannan watan dare bai cika yin duhu ba a Dalarna, kuma asuba tana shigowa tun wajen ƙarfe biyu ko uku, wanda ya tashi salla ya fitar da shi, ba wasa ba surutu, ya mayar. In ya yi a ciki a goge kawai. Duka ko goga masa hanci a fitsarin ba ya koya masa komai sai ɓuya a bayan injin wanki ya yi, kuma dukan dabba laifi ne a dokar ƙasar.

Tsakaninsa da autanki a sa ido sosai. Ba a barin su su biyu ba babba, ko na shiga wanka ne. Yara su san in yana barci ko yana cin abinci ba a taɓa shi. Kwikwiyo yana bukatar barcin da ya kai sa'a 18 a yini, kuma yawancin cizon haukan da yake yi da yamma rashin barci ne, musamman a gidan da ake hutun makaranta kowa na jansa. Haƙoran nono za su fara zuba wajen wata 4, ƙaiƙayin dasashi ya ƙaru. Karas mai sanyi daga firiji yana taimakawa. Ki tuna kuma makaranta za ta koma a tsakiyar Agusta, gida ya yi tsit rana ɗaya. Tun yanzu a fara barinsa minti ɗaya, minti uku, minti biyar, kina ɗaya ɗakin, kada ranar ta zo masa ba shiri.

Takardu biyu kada su wuce ki. Dole a sa masa ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a yi masa rajista da sunanku a Jordbruksverket kafin ya cika wata 4; mai kiwon yakan sa na'urar, rajistar ce ake mantawa. Sai inshora. Dabba ba ta da asibitin gwamnati kyauta a nan, kwana biyu a asibiti kan saran maciji ko tiyatar totuwa yana cin dubban krona masu yawa, shi ya sa mafi yawan karnukan ƙasar suke da ita. A yi ta yanzu, don sabuwar inshora tana da kwanakin jira kafin ta fara biyan kuɗin rashin lafiya.

Bayan 20 ga Agusta dokar ta sassauta, amma washegari, 21 ga wata, ake buɗe farautar beyar, ta älg kuma ta biyo baya a Satumba ko Oktoba gwargwadon ɓangaren Dalarna da kuke. Lokacin lingon ke nan, don haka ku sa riguna masu launin lemo mai haske, shi ma a sa masa, ku tambayi maƙwabci mafarauci ranakun da ƙungiyarsu take daji, igiyar kuma ta ci gaba da zama. In yara sun tsinko fiye da ci suna son sayarwa, kowane mutum yana da damar sayar da abin da ya tsinka da hannunsa har na krona 12,500 a shekara ba haraji. In kuma hutu ya ja ku tsallaka iyaka zuwa Norwe, tunda kusa take da ku, sai da fasfonsa na dabbobi, kuma likita ya ba shi maganin tsila ya buga hatimi tsakanin sa'a 24 zuwa 120 kafin ku shiga. Suna tsoron wata ƙaramar tsila ce ta yanyawa da aka fara ganowa a Suwidin a 2011, wadda kare ke ɗauka in ya ci ɓeran daji. Ku riƙa ɗauraye abin da kuka tsinko, yara su wanke hannu bayan sun taɓa shi kafin su ci abinci.

A gaida maigida da yaran, Allah ya sa a tsinko lafiya.